Korar Mai Yajin Aiki Ba Harkar Cikin Gida Ba Ce

Yajin aiki shi ne ma'aikata su haɗa kai su ajiye aiki har a saurari kokensu. Ra'ayin da ya yi kaka-gida a ofisoshin gwamnati shi ne wanda ya ɗauki mutum aiki yana da ikon sallamarsa, kuma da zarar yaji ya taɓa manufofin gwamnati to ya zama siyasa, kora kuwa babu ruwan kowa a waje da ita. Wannan ra'ayi ya ci karo da yarjejeniyoyin da gwamnatocin suka rattaba wa hannu da kansu.

Yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka ƙulla a 1948, ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ta kuma hana hukuma rusa ta da umarnin ofis. Ta 98, ta 1949, ta haramta korar mutum saboda harkar ƙungiya. Najeriya ta amince da duka biyun tun 1960. Ta 111, ta 1958, ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda ra'ayin siyasa. Da ita kwamitin binciken ILO ya kama Jamus ta Yamma da laifi a 1987, kan dokar 1972 da ta raba malamai da ma'aikatan gidan waya da aikinsu bisa zargin gurguzu.

Kwamitin 'yancin ƙungiyoyi na ILO, wanda aka kafa a 1951, ya rarrabe zare da abawa. Yajin siyasa zalla ba ya cikin kariya, amma yaji kan manufofin tattalin arziki da zamantakewa, irin su farashin mai ko mafi ƙarancin albashi, halal ne. Kwamitin ya yarda a yanke albashin kwanakin yaji, abin da ake kira "ba aiki, ba albashi", amma kora saboda halaltaccen yaji a wurinsa zalunci ne. Haka kuma bai sa koyarwa cikin ayyukan da ake iya hana yaji a cikinsu, saboda tsayar da su na barazana ga rai, ba.

Malamai 49 na Jami'ar Ilorin sun ɗanɗana kuɗar wancan ra'ayi na ofisoshin gwamnati. An sallame su a 2001 saboda yajin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin mayar da su da biyansu haƙƙoƙinsu. Shekara takwas ba albashi, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin ya fito.

Masu wancan ra'ayi kan ce ILO ba ta da 'yan sanda. Haka ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Sashe na 254C na tsarin mulkin Najeriya ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su, don haka kariyar ta riga ta shigo gida. Da a ce ba ta da haƙori, wakilan masu ɗaukar aiki ba za su tayar da jijiyar wuya a taron ILO na 2012 suna musun cewa yarjejeniya ta 87 ta ƙunshi 'yancin yaji ba, rigimar da ta kai ga miƙa batun ga Kotun Duniya a 2023.

Raunin kariyar na gaskiya jinkiri ne. Maganinsa shi ne kotu ta dakatar da kora tun farkon shari'a, ma'aikaci ya ci gaba da karɓar albashinsa har a yanke hukunci.