Filin Iyali: Mazubi Ma Abin Kula Ne



Akwai wata ƙungiya ta duniya mai kula da sha'anin ƙunshe kaya, wadda aka kafa a Tokyo ta ƙasar Japan a 1968. Kowace shekara takan shirya wa ɗalibai gasa mai suna WorldStar Student. Ba a ce wa ɗalibi ya dafa kome. Abin da a ke so shi ne ya ƙago kwali, ko kwalba, ko jaka da za ta tsare abinci ko wani kaya har ya kai hannun mai saye lafiya. Wanda ya yi fice a ba shi lambar yabo.

Wani zai ce wannan ai wasan Turawa ne. To, mu leƙa rumbunmu tukuna.

Kowane manomi a Ɗantutture da Kurfi ya san abin da ƙwaro ke yi wa wake. Ka zuba shi a buhu da kaka, kafin bazara ya zama huda-huda. Saboda haka waɗansu sukan sayar da shi da arha, waɗansu kuwa su barbaɗa masa maganin ƙwari, iyali su ci guba ba su sani ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani.

Maganin wannan wahala kuwa buhu ne kawai. Masana na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da abokan aikinsu na Kamaru, suka fito da buhu mai ninki uku, wanda a ke kira PICS. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a Nijeriya da Nijar. Leda biyu masu kauri ne a ciki, buhun saƙa a waje. A ɗaure kowanne dabam, tam. Iska ba ta shiga, ƙwaron ya shanye ɗan abin da ya rage, ya mutu. Ba guba, ba asara. Wanda ya yi wannan tunani bai cancanci kyauta ba?

Kakanninmu ma ba a bar su a baya ba. Ƙwarya da faifai sun tsare nono, randa tana sanyaya ruwa ba lantarki, ganye yana ƙunshe daddawa, in an yar ya ruɓe ya zama taki. Yau leda ta kori ganye. Muna zuba koko mai zafi a cikinta, muna naɗe ƙosai a tsohuwar jarida, tawada ta bi mai ta shiga ciki. Akuya ta haɗiye leda ta rame, sai mahauci ya tarar da ita cunkushe a tumbi. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sawu a 2017. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an sami yara masu basira da za su gyara ta daidai da zamani.

Ga shawarata. Dutsin-Ma tana da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga makarantun firamare da sakandare. Ranar ba da kyaututtuka, a sa gasar mazubi cikin tsari. Aikin kuwa yana nan jibge: tumatirin lambu na madatsar Zobe da ke matsewa a kwando, zoɓo da kunun aya da a ke ɗurawa a tsofaffin robobi, ƙuli-ƙuli da ke yin laushi da damina. Alƙalai su tambayi abu huɗu. Yana tsare abincin? Yana da tsabta? Mai talla za ta iya sayensa? In an yar da shi, ina zai ƙare? Ado ya zo daga baya.

Iyaye, in kun ga yaro yana yanka kwali, ko yarinya tana saƙa kaba, kada ku ce ɓata lokaci ne. Ku ba shi aiki: ya yi wa ƙosan mamarsa mazubi mai tsabta. Ku ne alƙalan farko, gama ku ne za ku ci abincin.