Dam Ma Yana Tsufa: Wa Zai Yi Magana Da Yawun Masunta?



A nan Ƙofar Kaura, duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗan garuwa ba zai so ya ji ana maganar rushe dam ba. Daga dam ɗin Ajiwa ake turo wa birnin Katsina ruwa, kuma ko shi bai wadace mu ba. Shi ya sa da na ji an rushe madatsun ruwa huɗu a kogin Klamath na Amurka, aikin da aka kammala a 2024, sai na ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Da na bi labarin a tsanake, sai na sauya tunani.

Waɗancan madatsun don wutar lantarki aka gina su, ba don ruwan sha ba. Fiye da shekara 100 sun tare wa kifin salmon hanyar hawa kogi ya yi ƙwai. Ƙabilun Yurok da Karuk, waɗanda abincinsu da al'adarsu suka rataya a kan kifin, sun daɗe suna fafutuka. Aka yi lissafi, aka ga gyaran madatsun ya fi rushe su tsada. Cikin 'yan makonni da buɗe kogin, aka ga kifin ya haura inda ya daɗe bai kai ba.

Mu ma muna da namu labarin. An gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan alheri ne. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar damina ta ragu, alhali da ita kifi ke shiga fadama ya hayayyafa. Ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya rasa tarwaɗa da ƙarfasa, manomi ya rasa gona. Haka mutanen da ke ƙasan Bakalori suka gani bayan kammala dam ɗin a 1978.

Tsohon dam kuma haɗari ne idan an yi sakaci. Na Bagauda ya ɓalle a 1988, na Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ya shafe rabin Maiduguri da ruwa.

Ba ina cewa a rushe Ajiwa ko Zobe ko Jibiya ba, da su muke rayuwa. Abin da nake cewa shi ne dam kayan aiki ne, yana da ranar tsufa. A riƙa duba kowanne: me yake bayarwa, me yake hanawa? Wanda ke da amfani a yashe shi, a gyara, a riƙa sakin ruwa da damina yadda fadama za ta sha, kifi ya hayayyafa. Wanda yashi ya cike, ba ya shayar da kowa, a cire shi a bar kogi ya wuce.

A nan aikinmu yake. Ranar buɗe dam kowa na rubutu, amma wa ke komawa bayan shekara 30 ya tambayi Sarkin Ruwa abin da komarsa ke kamawa yanzu? Mai neman jigon labari, ga shi nan. Ka je kasuwar kifi, ka tambayi mai sayarwa daga ina kifinsa ya zo, na kogi ne ko na kiwo, kuma yaushe abin ya sauya. Ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta.

Ina jiran gyara da ra'ayoyinku. Allah Ya sa mu dace.