Filin Kwamfuta: Athlon ko Ryzen a zafin Garwa?

Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu a Garwa ya tambaye ni wace furosesa zai saya, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ya ɗan ƙara mata gudu: Athlon 3000G ko Ryzen 3 3200G?

Dukansu na kamfanin AMD ne, sun fito a 2019, kuma suna yarda a ƙara musu gudu. Athlon tana da cibiyar aiki biyu, gudunta GHz 3.5, an auna zafinta wat 35. Ryzen tana da huɗu, GHz 3.6, wat 65, kuma kuɗinta ya ninka na Athlon lokacin fitowarsu.

To, ɗan'uwa, ƙarin gudu ƙarin zafi ne. A watan Afrilu Garwa kan haura digiri 40, ga ƙura tana toshe fanka. In buga takardu ne aikinka, ɗauki Athlon, kada ka wuce GHz 3.8. In kana gyaran hotuna, ɗauki Ryzen, ka bar ta yadda ta zo.

Hattara: babban allo ƙirar A320 ba ya karɓar ƙarin gudu, nemi B450. Kuma in ta ƙone, garanti ba ruwansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya yarda.