Wa Ke Ƙirga Matan da Ke Gona?

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe zai tarar da buhunan dankalin turawa da kabeji da karas jibge. Da yawa daga cikin kayan nan ana noma su ne a Jihar Filato, a wurare irin su Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, inda mata suke shuka da cire ciyawa da girbi tare da maza. Sanyin ƙasar ne ya sa amfanin nan yake yin kyau. Saboda haka idan yanayi ya sauya, damina ta makara ko ruwa ya yi yawa har cuta ta kama ganyen dankali, tukunyar matan nan ce take fara jin jiki.

Ƙasashen duniya sun san da wannan. A shekarar 2012, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Doha, an amince a riƙa fitar da rahoto kowace shekara kan yawan mata cikin wakilan ƙasashe. A 2014 aka kafa shiri na musamman a Lima kan daidaito tsakanin maza da mata, sannan a 2017 aka amince da tsarin aiwatar da shi a Bonn ta ƙasar Jamus. Nijeriya ma ta fitar da nata tsarin a 2020, ta hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Wannan ci gaba ne, babu shakka. Amma a ganina, ƙirga kujerun zauren taro shi ne aiki mafi sauƙi. Sa ido na gaskiya yana buƙatar a sauko gona a yi tambaya. Idan an raba ingantaccen iri, mata nawa suka samu? Cikin masu karɓar rancen noman rani, nawa ne mata? Hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa kowace shekara, yana isa kunnen manomiya da harshen da take ji? Muddin ba a rubuta amsoshin nan ba, babu mai iya cewa alkawarin da aka ɗauka ya cika.

Ku dubi wani misali. A watan Yuli na 2012, shekarar taron Doha, ambaliya ta afka wa unguwar Rikkos da kewayenta a Jos, ta rushe gidaje, aka yi asarar rayuka. Bayan irin wannan masifa akan rubuta sunayen waɗanda za a taimaka wa. Idan sunan maigida kaɗai aka rubuta, matar da ta rasa keken ɗinkinta ko awakinta ba za ta fito a takarda ba, kuma wanda ba ya cikin takarda da wuya taimako ya same shi.

Wasu za su ce ƙididdiga tana cin kuɗi da lokaci, kuma abin da aka bai wa miji ai ya shiga gida. Gaskiya ne tana cin kuɗi. Sai dai gidaje da yawa mata ne ke riƙe da su, kuma raba sunaye gida biyu, maza da mata, bai fi ƙarfin kowace hukuma ba.

Ku ma kuna da abin yi. A hutu mai zuwa, ku tambayi manoma goma a garinku, maza biyar da mata biyar, ko sun ji hasashen damina ta bana, da kuma inda suka ji shi. Ku rubuta amsoshin, ku kawo su aji a kwatanta.