Fadamar Nyandungu da kududdufan da muke cikewa

A watan Yulin 2022 gwamnatin Ruwanda ta buɗe wurin shaƙatawa na Nyandungu a Kigali, fili mai faɗin hekta 121 wanda fiye da rabinsa fadama ce. Kafin nan noma da kiwo sun gama cinye wurin. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, REMA, ta dasa itatuwan gida kimanin 17,000, ta gyara tafkuna, ta bar ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa. Tsuntsaye sun dawo, har da gauraka, kuma su ake yawan nunawa a hoto. Amma babban aikin wurin sai da damina ake ganinsa. Kigali gari ne na tuddai, ruwan sama kan gangaro da ƙarfi zuwa kwaruruka. Fadama tana tare shi, ƙasa ta sha, ciyayi su tace dattin, ragowar ya wuce a hankali. Kwatar kankare ba ta shan ruwa ko kaɗan, tura shi kawai take yi zuwa unguwar da ke ƙasa. Don haka a ganina kuɗin farfaɗo da fadama a cikin gari kuɗin magudanar ruwa ne, kuma a wannan babi ya kamata a sa shi a kasafi.

Mutumin Kano bai kamata a yi masa dogon bayani ba. Kududdufan birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, sun daɗe suna karɓar ruwan unguwanni. Da yawa an mai da su bola, aka cike, aka yanka fuloti, ruwan kuma ya koma shiga ɗakunan mutane duk Agusta.

Za a ce ai kududdufi gidan sauro ne da wari, wani lokaci ma yara na nutsewa. Haka ne, idan kududdufin da aka yi watsi da shi ake nufi. Ruwan da ke gudana, mai kifi da kwaɗi da mazari masu cin tsutsar sauro, daban yake da kwatar da leda ta toshe. Shinge da mai gadi da kwashe shara kuwa ba su kai asarar ambaliya tsada ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na matsuguni. A Kigali an rushe gidajen talakawa da ke cikin fadamu, kuma da yawa sun koka kan diyya. Wannan kam ba abin koyi ba ne. Amma tashin mutane bai zama dole ba idan aka fara da kududdufan da ba a riga an gine ba: a auna su, a yi musu iyaka a taswirar gari, a hana ba da takardar fili a kansu. Inda kuma tilas ta sa a tashi wani, a biya shi kafin katafila ta iso.