Umbadda: Matasan da suka riƙe yaran unguwa lokacin da makarantu suka rufe

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, labarin harsashi da yunwa ne aka fi ji daga Omdurman. Asarar da ba a cika ƙirgawa ba ita ce shekarun da yara suka kwashe babu aji babu malami, wasu ma babu uba a gida. A Umbadda da ke yammacin birnin, wadda ƙidayar 2008 ta ba ta mutum kusan miliyan ɗaya, 'yan sa-kai na unguwa ne suka yi ƙoƙarin cike wannan gurbi.

Umbadda mazaunin talakawa ce, da yawansu fari da yaƙe-yaƙen baya ne suka kawo su daga Darfur da Kordofan. Sassanta da dama sun yi kusan shekara biyu a hannun RSF, sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka karɓe Kasuwar Libiya, babbar kasuwar yankin. Tun a Oktoban 2023 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da ƙungiyar Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin ƙasar.

Da hukuma ta ɓace, sai Ɗakunan Agajin Gaggawa suka bayyana. Tushensu kwamitocin matasa ne na unguwanni da suka taka rawa a boren da ya kawar da Umar al-Bashir a 2019, kuma Umbadda na da nata. An fi saninsu da takiyya, wato tukunyar gayya da ake dafa wa kowa. Sai dai inda ake rabon abinci nan yara ke taruwa, don haka a unguwannin Khartoum da Omdurman wasu ɗakunan suka buɗe wuraren zaman yara. Malaman da albashinsu ya tsaya da ɗaliban jami'ar da karatunsu ya katse suka riƙa koyar da karatu da lissafi, ana wasa, ana zane. 'Yan Sudan na kiran irin wannan aiki nafir, abin da Bahaushe ya sani da gayya.

Amfaninsa ya wuce koyon baƙaƙe. Yaro ɗan shekara 14 da ba shi da wurin zuwa da safe, shi ne ya fi sauƙin shiga hannun mai raba bindiga. A Yunin 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya sojoji da RSF cikin jerin masu cin zarafin yara a yaƙi, ta kuma zargi RSF da ɗaukar yara aikin soja. Yarinyar da ta bar aji kuwa, talauci kan sa a gaggauta aurar da ita. Yaya ko anti na unguwa da ya san sunan yaro, yake cigiyarsa ran da bai zo ba, kariya ce da buhun gari ba ya bayarwa.

Amma aikin a kan siraɗi yake. Ɓangarorin biyu sun sha kama 'yan sa-kai bisa zargin yi wa abokan gaba aiki, an kuma kashe wasu. A Fabrairun 2025, bayan Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, masu gudanar da tukwanen suka ce kusan kashi 80 cikin 100 sun rufe. In tukunya ta sauka, taron yara ma watsewa yake yi. A shekarar ce ɗakunan suka samu lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood, sai dai yabo ba ya sayen alli. Ga shi yawancin matasan ba su da horo kan kula da yaron da ya ga kisa da idonsa, su kansu da nasu tabon.

Sake buɗe makarantu kaɗai ba zai warware matsalar ba. Wanda yake ɗan shekara shida a 2023 ya wuce shekarun fara karatu bai iya rubuta sunansa ba, wanda ya saba tura baro a kasuwa kuma da wuya ya koma benci don kansa. 'Yan sa-kai ne suka san gidajen waɗannan yara. Idan ma'aikatar ilimi da masu ba da tallafi suka ture su gefe, maimakon a horar da su a ba su ɗan alawus da kariya, za a rasa wannan sani.

Labarin bai yi nisa da Hausawa ba. Hanyar aikin hajji da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903 sun kafa al'ummarsu a Sudan, daga Mai Wurno zuwa Omdurman, kuma halwar Sudan 'yar'uwar tsangaya ce, inda gardi ke biya wa ƙolo. A Tillabéri da Zamfara ma rashin tsaro ya rufe makarantu, Maraɗi kuma na ɗauke da yaran 'yan gudun hijira. Unguwar da ta tsara matasanta tun kafin rikici, ita ce ke samun mai riƙe mata yara ranar da malami ya gudu.