Daɓen katako: a fara duba ƙasa kafin a duba launi

Jama'a, wani sabon yayi ya shigo Zongon Kumasi. Daga Aboabo zuwa Asawase, mai sabon gini ba ya tsayawa kan siminti ko tayil, sai ya ce daɓen katako yake so, irin wanda ake harhaɗawa a masana'anta. Ba mu ƙi ba. Amma muna da magana da masu saye, da kuma 'yan kasuwarmu masu kai wannan kaya Paga, Bawku da Aflao.

Shi wannan katako hawa-hawa ne. Na sama icce ne na gaske, kaurinsa milimita 2 zuwa 6. Na ƙasa siraran falankai ne da aka manne, wannan a tsaye wancan a gicciye, don kada ya kumbura da damina ya tsuke da hunturu kamar yadda gundarin odum ke yi. Wannan amfani ne babba a garin da ke ganin damina biyu a shekara.

Sai dai akwai mai kama da shi, laminet, wanda hoton icce ne kawai aka liƙa kan matsattsen garin katako. Ruwa na shigarsa zai kumbura, kuma ba ya gyaruwa. Mai saye ya juya falanki ya dubi gefensa, zai ga gaskiya. Ɗan kasuwar da ya sayar da wannan da sunan wancan ya ci riba yau, ya rasa abokin ciniki har abada.

Ko na gasken ma, abokin gabansa yana ƙarƙashinsa. Sabon siminti na ɗaukar makonni kafin ya bushe. A shimfiɗa leda mai kauri, a yi maganin gara, a bar katakon ya kwana biyu ko uku a ɗakin kafin a fara aiki, a kuma bar tazarar kamar milimita 10 a jikin bango don ya samu wurin motsi. Ƙwararrun kafintoci ba su yi mana wuya ba, ga su nan a Sokoban.

Mu kuma dubi yadda muke rayuwa. Muna alwala sau biyar a rana, matanmu na wanke ɗaki da bokiti. Gidajen da ke bakin rafin Aboabo sun san abin da ambaliya ke yi. Irin waɗannan wurare, da madafa da bakin banɗaki, tayil ya fi musu. Katako na ɗakin kwana ne da falon da ya yi nesa da ruwa.

Tun ran gini, tun ran zane. Wanda ya yi shekaru yana tara sidi don ya rufa wa iyalinsa asiri bai cancanci ya ɓamɓare daɓe bayan damina ɗaya ba. Mai saye ya tambaya, mai sayarwa ya faɗi gaskiya. Allah ya sa mu dace.